Yau Hutu Ne Ko Aiki? Yadda A Ke Koya Wa Na'ura Amsa

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata tambaya ce wadda yaron makaranta ya kan amsa ta tun bai gama wanke ido ba, amma ta kan ba masu rubuta wa kwamfuta umarni wahala ƙwarai. Tambayar ita ce: yau ranar hutu ce ko ranar aiki? Na'urar banki tana bukatar amsar kafin ta faɗi ranar da kuɗi za su isa, ta ofis tana bukatarta kafin ta yanka wa mutum ranar zuwa, ta kamfani kuwa kafin ta lissafa ladan wanda ya yi aiki ran Salla. Na'ura ba ta ganin kantuna a rufe, ba ta jin kabbara daga filin Idi. Abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani.

Za a ɗauki misali daga ƙasar Masar, domin da wuya a sami ƙasar da ta tara wahalolin wannan lissafi wuri ɗaya kamarta. A yammacin Kogin Nilu, cikin lardin Giza, akwai wata unguwa mai cunkoson jama'a da a ke kira Ard al-Liwa. Layin dogon da ya nufi kudancin Masar shi ne ya raba ta da unguwar Muhandisin, kuma baƙi da yawa daga Sudan da Eritiriya da wasu ƙasashen Afirka suna zaune a cikinta saboda sauƙin haya. A ɗauka wani ɗalibi daga Kano ko Maraɗi ya kama ɗaki a can. Abu biyu ba za su bar shi ya manta da kalanda ba. Na farko sabunta takardar izinin zama, wanda tun 1 ga Yulin 2019 a ke yi a unguwar Abbasiyya, can ƙetaren kogi, bayan an ɗauke ofishin daga ginin Mugamma na dandalin Tahrir. Na biyu kuɗin da a ke aiko masa daga gida. In wayarsa ta ce masa yau ana aiki alhali ana hutu, ya yi asarar kuɗin mota da yini guda. In kuwa kwanakin takardarsa sun zo ƙarshe, asarar ta fi haka.

Kafin a kai ga wahalolin, ya kamata a san yadda na'ura ke gwada rana da rana. Ba ta san Afrilu ko Oktoba ba, lambobi kurum ta sani, da wadda ta fi wata girma. Saboda haka sai a mayar mata da kwanan wata lamba ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a riɓanya lambar wata sau ɗari a ƙara kwanan. Ranar 25 ga Afrilu, watau ranar tunawa da karɓo yankin Sina'i, ta zama 425. Ranar 23 ga Yuli ta juyin mulkin 1952 ta zama 723. Ranar 6 ga Oktoba ta mayaƙan Masar ta zama 1006. Dole wata ya riga kwana. In aka juya, 25 ga Afrilu sai ta zama 2504, 6 ga Oktoba ta zama 610, na'ura ta ɗauka Afrilu yana bayan Oktoba.

Da zarar an yi haka, umarnin ba shi da tsawo. A ce wa na'ura: ga lambar ranar da hutu ya fara, ga ta ranar da ya ƙare, in lambar yau ta kai ta farko, kuma ba ta wuce ta ƙarshe ba, to ana hutu. Wannan ƙa'ida ita ce a ke koya wa kowane sabon ɗalibi, tana kuwa aiki a yawancin kwanakin shekara. Wannan ne ma haɗarinta, gama abin da ke yin daidai kwana ɗari uku da hamsin ba a cika tuhumarsa ba.

Tuntuɓe na farko yana bakin sabuwar shekara. A ce makaranta ta rufe ran 20 ga Disamba za ta koma bayan 7 ga Janairu. Lambar farko 1220, ta ƙarshe 107. Babu wata lamba a duniya da ta kai 1220 kuma ba ta wuce 107 ba, saboda haka na'ura za ta ce babu hutu ko na yini ɗaya. Waɗansu su kan gyara da cewa in lambar farko ta fi ta ƙarshe, a canza kalmar "kuma" a sa "ko". Gyaran yana aiki, amma wanda ya fi shi kyau shi ne a sa shekara a gaba, a rubuta 20241220 da 20250107, lambobin su jeru da kansu. Kada a ce wannan damuwar masu hutun Kirsimeti ce kaɗai. Babbar Salla ta faɗo ran 30 ga Disamban 2006 a Masar, kwanakin shagalinta suka ƙetara cikin Janairun 2007.

Tuntuɓe na biyu ya fi ɓoyuwa. Kwamfutoci da yawa ba kwana su ke ƙirgawa ba, daƙiƙoƙi ne, tun daga tsakar daren da ya buɗe 1 ga Janairun 1970 a agogon Girinwic ta Ingila. In an ba irin wannan na'ura kwanan wata ba a faɗi sa'a ba, sai ta ɗauka tsakar daren farkon ranar a ke nufi. To, in an ce hutu ya ƙare ran Laraba, ita a wurinta ya ƙare tun daƙiƙar farko ta Laraba, da hantsi kuwa sai ta aika da ma'aikaci ofis alhali ƙofa na kulle. Maganin da gwanaye suka zaɓa shi ne a daina ajiye ranar ƙarshen hutu, a ajiye ranar komawa aiki, a ce: in yanzu ya kai farkon hutu, kuma bai kai ranar komawa ba, ana hutu.

Sa'an nan ita kanta kalmar "yau" tana bukatar a tambaye ta: yau a ina? Nijeriya da Nijar suna gaban Girinwic da sa'a ɗaya duk shekara. Masar tana gabanta da sa'a biyu a lokacin sanyi, uku a lokacin zafi. Watau a watan Yuli, sa'ad da agogon Kano ya buga sha ɗaya na dare, a Ard al-Liwa ƙarfe ɗaya ne na daren washegari. Babbar na'urar da ke ba waya amsa sau da yawa tana wata ƙasa dabam, tana bin agogon Girinwic, har sa'o'i ukun farko na ranar Alƙahira su zama jiya a wurinta. Dole a fara mayar da lokaci zuwa agogon garin da a ke tambaya a kansa, kana a cire kwanan wata.

Shi ma agogon Masar bai zauna wuri ɗaya ba. An soke ƙarin sa'ar lokacin zafi a 2011, aka dawo da ita a 2014, a shekarar ma aka dakatar da ita saboda azumi, har aka taɓa agogo sau huɗu cikin 'yan watanni. Aka sake sokewa a 2015. A 2016 an sa ranar dawo da ita a watan Yuli, saura 'yan kwanaki aka fasa. A 2023 doka ta maido da ita, daga Jumma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa Alhamis ta ƙarshe ta Oktoba. Wani abin mamaki cikin wannan tsari shi ne da tsakar dare a ke tura agogon. Ran Jumma'a 28 ga Afrilun 2023, ana kaiwa sha biyu na dare sai aka ce ƙarfe ɗaya ne. Ranar ba ta da tsakar dare ke nan, kuma tsawonta sa'a 23 ne. Umarnin da ya ce "a nemo sha biyun dare na farkon yau" ya nemi abin da babu, wanda kuwa ya ce "gobe ita ce yanzu a ƙara daƙiƙa 86,400" ya zarce da sa'a guda. Akwai wani kundi na agogunan duniya wanda Arthur Olson ya fara tarawa a shekarun 1980, masu aikin sa kai suna gyara shi duk lokacin da wata gwamnati ta canza agogonta, kuma daga gare shi yawancin wayoyi ke samun labari. Wayar da ba a sabunta kundinta ba tana nan a kan tsohuwar doka.

Duk wannan game da gwada kwanaki ne. Saura sanin kwanakin hutun su kansu, kuma a nan hutun Masar ya rabu gida uku.

Kashi na farko shi ne na ranakun da ke da tsayayyen kwanan wata, irin su 25 ga Janairu, 1 ga Mayu, 30 ga Yuni, da 7 ga Janairu ta Kirsimetin Kibɗawa, wadda ta zama hutun ƙasa baki ɗaya tun 2003. Mai gaggawa sai ya rubuta su cikin umarni ya ce ya gama. Amma a 2020 gwamnatin Firayim Minista Mustafa Madbuli ta fara ɗaga hutun da ya faɗo tsakiyar mako zuwa Alhamis, don ya haɗu da hutun ƙarshen mako. Ranar 30 ga Yunin shekarar Talata ce, aka yi aiki a cikinta, aka huta ran Alhamis 2 ga Yuli. Na'urar da ta riƙe 630 ta yi kuskure biyu cikin mako ɗaya. Masu sauraro a Nijeriya za su tuna da makamancin haka, yadda Ranar Dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni, aka fara yin ta haka a 2019.

Ko hutun mako ma ba ɗaya ba ne. Bankunan Masar suna rufewa Jumma'a da Asabar, na Nijeriya da Nijar Asabar da Lahadi. Ranakun da ɓangarorin biyu ke buɗe tare huɗu ne kacal, Litinin zuwa Alhamis, kuma kuɗin da suka bi ta banki da yammacin Alhamis suna iya jira har Litinin ba tare da wata Salla ta gitta ba. Har ila yau, hutun ma'aikatan gwamnati Firayim Minista ke sanar da shi, na bankuna kuwa Babban Bankin Masar ke fitar da tasa sanarwar. Bayan "yau a ina", sai a tambaya "hutu ga wa".

Kashi na biyu rana ɗaya ce, Shammun Nasim, bikin shigowar bazara, wanda Musulmi da Kirista ke fita lambuna da bakin kogi su ci kifi mai gishiri da albasa da ƙwai mai launi. Litinin ce kullum, wadda ke bin Istar Kibɗawa, saboda haka tana yawo tsakanin Afrilu da Mayu: 17 ga Afrilu a 2023, 6 ga Mayu a 2024, 21 ga Afrilu a 2025. Mai kallo sai ya zaci ba ta da ƙa'ida, alhali ita ce wadda na'ura ta fi jin daɗinta, domin lissafi ne tsantsa. Tushensa shi ne shekara 19 ta rana ta yi kusan daidai da wata 235 na sama. Ga yadda ya ke a shekarar 2024. A raba 2024 da 19, saura 10. A riɓanya 10 sau 19 a ƙara 15, ya zama 205. A raba 205 da 30, saura 25. A ƙirga kwana 25 daga 21 ga Maris, an kai 15 ga Afrilu, amma a tsohuwar kalandar Rumawa ke nan, wadda ke bayan ta yanzu da kwana 13, watau 28 ga Afrilu. Wannan ita ce ranar cikar wata a lissafin coci, Ista kuwa ita ce Lahadin da ke biye da ita. Da ya ke 28 ga Afrilun 2024 Lahadi ce, sai a tsallaka zuwa 5 ga Mayu, washegari Shammun Nasim. Masanin lissafin nan na Jamus, Gauss, ya buga irin wannan hanya tun 1800. Abu biyu ne abin lura. Watan wannan lissafi ya daɗe da saɓawa da watan sama, yana bayansa da kwana huɗu ko biyar, sai dai masu bikin sun yarda su bi lissafin. Kuma lambar nan 13 ba ta dindindin ba ce, daga Maris na shekarar 2100 za ta zama 14.

Kashi na uku shi ne mai nauyi, watau Ƙaramar Salla, da ranar Arfa da Babbar Salla, da sabuwar shekarar Hijira, da Mauludi. Matsakaicin tsawon watan sama kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Masana taurari na Musulunci tun da daɗewa suka tsara kalandar lissafi a kan haka: wata ɗaya 30, mai bi masa 29, shekara 354, sa'an nan cikin kowace shekara 30 a ƙara kwana ɗaya ga shekaru 11, jimla kwana 10,631. Tsari ne mai kyau ƙwarai, sai an yi shekara wajen dubu biyu da ɗari biyar kafin ya kauce da kwana guda. Fatimiyawa, waɗanda suka kafa Alƙahira a 969 suka kuma gina Azhar, da lissafi su ke ɗaukar azumi su ajiye. A yau ma kwamfutoci da wayoyi suna ɗauke da irin wannan kalanda, ko kuwa ta Ummul Ƙura wadda a da Saudiyya ke gudanar da harkokin ofis da ita.

Amma daidaiton lissafi a kan dogon zamani bai hana shi saɓawa da kwana ɗaya, wani lokaci biyu, a wata guda ba, kuma wannan kwana ɗayan shi ne dukkan maganar. A Masar hukumar fatawa, Darul Ifta, wadda aka kafa a 1895, ita ke sanar da shigar wata, bayan kwamitocinta sun fita duba a wurare dabam dabam tare da masanan cibiyar nazarin taurari ta Helwan. A Nijeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanarwa daga Sakkwato. A 2025 ƙasashen biyu sun ɗauki azumi rana ɗaya, 1 ga Maris, amma ba su ajiye tare ba. Nijeriya da Saudiyya sun yi Salla ran Lahadi 30 ga Maris, Masar ta cika talatin ta yi ran Litinin 31 ga wata. A wannan Lahadi mutanen Kano suna hawan Idi, mutanen Ard al-Liwa suna azumi. Babu ƙa'idar lissafi ɗaya da za ta ba da amsoshin biyu, gama kowace amsa hukunci ne na mutanen da aka ɗora wa alhakin, kuma ba a yanke shi sai bayan faɗuwar ranar 29 ga wata.

Su kansu gwamnatoci su kan yi gyara a ƙurarren lokaci. A Afrilun 2024 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga wata. Da azumi ya cika talatin sai ta ƙara Alhamis 11. Na'urar da aka cika wa kwanaki tun farkon mako aka tafi aka bar ta, ran Alhamis ta ce ana aiki.

Akwai kuma wani tarko ga mai tsara jadawali. Da ya ke shekarar Hijira ta gaza ta rana da kwana 10 zuwa 12, Salla tana zagaya shekarar Miladiyya cikin wajen shekara 33, kuma a kowane zagaye a kan sami shekarar da Salla ɗaya ta zo sau biyu. Ƙaramar Salla ta zo a farkon Janairu da ƙarshen Disamba na 2000, Babbar Salla ta yi haka a 2006, lissafi kuma ya nuna Ƙaramar Salla za ta sake yi a 2033. Jadawalin da ya ware gurbi ɗaya ga kowace Salla a kowace shekara, ta biyun sai ta goge ta farko.

To, yaya mai hankali zai tsara abin? Ya raba umarni da jadawali. Umarni shi ne ƙa'idar gwadawa, ba a cika taɓa shi ba. Jadawali kuwa takarda ce dabam wadda akawu zai iya gyarawa da daddare ba sai an taso da mai rubuta umarni ba. Kowane layi a cikinsa ya ɗauki ranar farawa da ranar komawa aiki, cikakku da shekararsu, da ƙasar, da waɗanda hutun ya shafa, da hukumar da ta sanar. Kwanakin da lissafi ya bayar a shigar da su tun da wuri, amma a yi musu alamar cewa ƙiyasi ne, a goge alamar sa'ad da sanarwa ta fito.

Daga nan amsar na'ura ta zama iri uku: ana hutu, ana aiki, ko kuwa ana jiran sanarwa. Masu rubuta umarni da yawa ba su son ta ukun, suna ganin kamar gazawa ce, alhali a ranar 29 ga Ramadan da azahar ita kaɗai ce gaskiya game da gobe. Abin da za a yi da ita ya danganta da asarar da kuskure ke jawowa. Ofishin da ke yanka wa mutane ranar zuwa ya kamata ya ɗauki ranar shakka tamkar hutu, ya bar ta ba kowa, domin ɗaga mutum da kwana ɗaya ya fi sauƙi a kan a sa shi ya ƙetare kogi ya tarar da ƙofa a rufe. Mai lissafin albashi kuwa ba ya bukatar gaggawa, sai ya jira wata ya ƙare ya yi aiki da tabbatattun kwanaki.

Saura gwaji. Umarnin da ke duba agogo da kansa ba shi da sauƙin gwadawa, sai dai a jira Disamba ta zo a gani. Saboda haka a kan rubuta shi yadda za a miƙa masa kowace rana a ce ita ce yau. Sa'an nan a miƙa masa ranakun da aka san suna kayar da na'ura: 31 ga Disamban 2006 da 1 ga Janairun 2007, da 29 ga Fabrairun 2024, da azahar ta ranar ƙarshen kowane hutu, da minti ɗaya kafin tsakar daren da ya shiga 28 ga Afrilun 2023 a agogon Alƙahira, da Talata 30 ga Yunin 2020, da kuma Lahadi 30 ga Maris na 2025, a tambaye shi sau ɗaya don Kano, sau ɗaya don Ard al-Liwa.